Jinjina Ga Gwanayen Da Ba Sa Tambayar Kowa

Mu 'yan Arewa muna da wani hali da ya kamata mu tuba daga gare shi, wato rashin godiya ga masu yi mana aiki a ɓoye. Ana yi wa sarki kirari, ana yi wa ɗan dambe, har mahauci yana da makaɗinsa, amma ban taɓa jin an buga ko da gwangwani domin waɗannan bayin Allah da suke zana mana makarantun gwamnati ba. Alhali gwanintarsu ta wuce ta kowa. Maginin unguwa sai ya tambaye ka matanka nawa kafin ya ja igiya. Su kuwa, daga kujerarsu a Abuja ko a babban birnin jiha, cikin sanyin na'ura, suna iya zana wa ƙauyen da ba su taɓa jin sunansa ba makaranta sukutum, ba su tambayi yaro ba, ba su tambayi uwarsa ba, balle malamin da zai tsaya a gaban allo har ya yi ritaya. An ce matambayi ba ya ɓata. To wanda aka haifa da sanin hanya, me zai yi da tambaya?

Dubi zanen kansa. Dogon gini mai aji uku, ofishin hedimasta a ƙarshe, ɗan sito a gefe, baranda a gaba, kwano a sama. Shi ne a Nguru, shi ne a Illela, shi ne a Fatakwal inda ruwa yake wata tara yana zuba. Wanda bai san siyasa ba zai ce lalaci ne, alhali haɗin kan ƙasa ne. Tun shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, lokacin da aka yi ta dasa azuzuwa cikin gaggawa, gwanayenmu suka gano cewa ɗan Nijeriya ɗaya ne ko'ina yake, saboda haka zafin da yake ji ma ɗaya ne. Aka sake shiri a 1999 da sunan UBE, aka yi masa doka a 2004, aka ware masa kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, zanen nan bai gusa ba. Launin fenti ne kawai yake canzawa, shi ma don ya dace da tutar jam'iyyar da ke kan mulki.

Kafin a haƙa harsashi, aikin farko na ɗan kwangila shi ne kwantar da bishiyoyin filin, dalbejiya ce ko tsamiya ko gawo. Hikimar a fili take: inuwa tana sa yaro kasala, kuma bishiya tana tare hoto. Sannan a juya fuskar ginin. Kakanninmu, saboda ƙarancin wayewa, sukan duba ta inda hadari yake bugowa da ta inda hunturu yake shigowa kafin su fasa ƙofa. Gwanayenmu sun wuce wannan camfi. Makaranta titi take kallo, domin titi gwamna yake bi. In hakan ya sa rana ta shigo aji tun ƙarfe takwas ta zauna a layin gaba, ai ilimi kyauta ne, ba a hana kowa.

A wajen rufi ne basirar ta kai maƙura. Kwano ne marar kauri, ba silin a ƙarƙashinsa, ko kuwa akwai shi, a takardar kwangila. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato da Maiduguri yake haura digiri 40 a inuwa, aji yakan koma tanderu, yara sama da ɗari a ciki suna nuna a hankali. Masu ƙorafi suna cewa ba a iya karatu a haka. Ba su san tarbiyya ba. Yaron da ya yi shekara shida a ƙarƙashin kwanon nan, wane layin mai ne zai gagare shi? Wane wa'azi a kan azabar lahira ne sai an yi masa dogon bayani? Kuma daidai wannan lokaci ne likitoci suke roƙon jama'a su rage cunkoso a ɗaki saboda sanƙarau, cutar da ta kashe mutum fiye da dubu goma a ƙasar nan a 1996. Ba a bar wannan ya shiga zane ba, domin maganar ma'aikatar lafiya ce, kuma ofishinta daban.

In damina ta faɗi, kwanon ya kama wani aikin. Ruwa na sauka ba mai jin kowa, malam ya ajiye alli ya huta, dama albashinsa bai kai a ce ya wuni yana magana ba. Wannan idan kwanon ya tsaya ke nan. Sau da yawa iskar farkon damina takan ɗauke shi ɗungurungum ta kai gonar wani, aji ya sami iska da haske a rana ɗaya, kyauta. A nan za ka gane mutanen nan suna da hangen nesa. Rufin da ya tashi bana, kwangilar baɗi ce. Daga cikinta wani zai sauke farali, wani zai ƙara aure, wani zai biya wa ɗansa kuɗin makaranta a Dubai. Ginin da ya ƙi lalacewa marowaci ne, mutum ɗaya yake ciyarwa, shi ma sau ɗaya.

Shi ya sa nake tausaya wa mutanen Gando, wani ƙauye a Burkina Faso. Ɗansu Francis Kere ya je Jamus ya karanto zanen gine-gine, maimakon ya dawo musu da siminti da gilashi, sai ya tara su ya yi ta shawara da su, ya ce da ƙasar garinsu za a gina makaranta. Aka buga bulon ƙasa, mata suka ɗebo ruwa suka yi daɓe, aka yi silin na bulo, aka ɗaga kwano sama a kan ƙarafa aka bar tazara, ta yadda iska mai zafi za ta fice ta sama, mai sanyi ta shigo ta taga. An gama a 2001. Aji ya yi sanyi ba wuta ba fanka, kuma abin takaici, ginin yana nan har yau. In bango ya tsage, waɗanda suka gina shi suna cikin gari, ba sai an rubuta wa kowa takarda ba. Duniya ta ruɗe, aka ba shi lambar Aga Khan a 2004, aka ƙara masa da Pritzker a 2022, wadda ta fi kowace girma a sana'ar, shi ne ma ɗan Afirka na farko da ya same ta. Amma a tambaye shi mana: mutum nawa ya azurta?

Cutar ma ta matso kusa da mu. A Dandaji, garin Hausawa a jihar Tawa ta Nijar, akwai tsohon masallaci aikin Falke Barmu, maginin nan da masallacinsa na Yama ya ci lambar Aga Khan a 1986. Da aka tashi gina sabo, maimakon a rushe tsohon a huta, sai Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka zauna da mutanen gari, aka mai da shi ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci a gefensa da bulon ƙasa, aka gama a 2018. Dubi ɓata lokaci! Da a hannun gwanayenmu ne, katafila ɗaya ta isa kafin azahar. Allah ya sa dai hukumomin ilimi na can ba su kamu ba. Su ma sun yarda da kayan gida, sai dai zana da kara suka zaɓa. Dubban azuzuwa rumfuna ne, waɗanda a ƙauyuka da yawa ba a kafa su sai an girbe hatsi an sami kara, kuma ruwan farko ne yake rufe shekarar karatu, ko minista ya sani ko bai sani ba. A Afrilun 2021 gobara ta cinye irin waɗannan azuzuwa a Yamai, yara kimanin 20 suka mutu. A Nuwamban shekarar aka sake a Maraɗi, aka rasa fiye da haka. Ƙasar gini tana ƙarƙashin ƙafar yaran, magina suna cikin gari, amma mai digiri ya je ya tambayi magini ai ƙasƙanci ne.

Mu ma a da muna da wannan rauni na gini da ƙasa da kula mutanen gari. Ginin Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, na ƙasa ne, a cikinsa Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kuma yana tsaye bayan shekara ɗari yana kunyata azuzuwan da aka buɗe bara. Kafin nan, a 1909, Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano, da Hausa ake koyarwa, masu sana'a na gari suna koya wa yara aikin hannu. Ba wanke Turawan mulki nake yi ba. Sun ƙuntata ilimin nan da gangan, 'ya'yan sarakuna da na malamai suka fi nufa, kuma don amfanin mulkinsu suka yi. Sai dai baƙon da ya taso daga Turai ya ga dole ya dubi ƙasa ya dubi mutane kafin ya yi gini. Mu da muka sami 'yancin kai, mun 'yantu har daga wannan wahala.

Zaɓen fili fanni ne mai zaman kansa. Ba a duba inda yara suke, ai ƙafa gare su. Ana duba inda filin wani babba yake wanda ya daɗe bai sami mai saye ba. In ta kama makarantar ta faɗa hayin rafi, alhamdu lillahi, duk damina yara sun sami darasin iyo. Katanga kuma da ƙofa ake fara ta, ƙatuwa, mai sunan mai girma a samanta, sai kuɗi su ƙare daidai nan. Ƙofa a garƙame da kwaɗo, hagu da dama fili fetal, akuya ta shiga, babur ya ratsa. A nan alƙalamina yakan yi nauyi, domin makarantar da aka yasar a bakin daji ba mai tsaro, ba akuya kaɗai ce ta gane hanyarta ba. An sace ɗalibai a Chibok a 2014, Dapchi a 2018, Ƙanƙara a 2020, Jangebe a 2021, Kuriga a 2024. Iyayen waɗannan garuruwa sun san dajin da ke bayan gari, sun san masu kwana a cikinsa. Amma Nijeriya ta amince da yarjejeniyar duniya ta kare makarantu tun 2015, kuma takardar tana nan lafiya, ba abin da ya same ta.

Ban-ɗaki ba ya cikin abin da gwani yake ɓata tawada a kansa. Ga daji nan Allah ya hore. In ma an gina, rami biyu ne ga makaranta guda, ɗaya na malamai a kulle, ɗayan ba ƙyaure ba ruwa, yana kuma kallon filin ƙwallo. Yarinya ta kai shekara goma sha biyu ko sha uku, ta fara al'ada, ta dubi wannan tsari ta dubi kanta, sai ta riƙa zama a gida kwana biyar a wata, daga baya ta zauna gaba ɗaya. Sai a kira taro a kan matsalar ilimin 'ya'ya mata, masana su zo su yi bayanin cewa al'adun Bahaushe ne suka hana. Wannan dabara tana burge ni ƙwarai. Da ƙyaure ɗaya da rijiyar burtsatse ɗaya, da an rasa rabin dalilin taron, masana su rasa alawus. Uwar yarinyar ta san amsar tun ranar farko, sai dai ba ta jin Turanci, don haka abin da ta sani ba ilimi ba ne.

Wurin zama ba sai an ja magana ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Sauran da suka zo ba gayyata, su suka sani. A 2024, da gwamnan Kano ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, da bakinsa ya ce yara miliyan 4.7 a ƙasa suke zama a makarantun jihar. Wasu suka ji kunya, ni tawali'u na gani. Ana cikin haka kuma biliyoyin nairori na hukumar UBEC mai kula da shirin UBE suna kwance a Abuja, saboda jihohi da dama ba su kawo nasu rabin ba balle a sakar musu. Tattali ke nan.

Inda ake ganin ƙarfin halin gwanayenmu sosai shi ne kalanda, domin a nan ba da mutum suke ja ba, da damina suke ja. Manomi a ƙasar Hausa yana shuka wajen Yuni, ya shiga noman farko da maimai har cikin Yuli, lokacin da duk hannun da ke gida ake bukatarsa, har na ɗan shekara takwas. Daidai nan aka ajiye jarrabawar ƙarin aji. A ba da dogon hutu a Agusta, lokacin da gero ya rufe ƙasa aiki ya ɗan lafa. A dawo a Satumba ana shiga girbin gero, a bi da cirar gyaɗa da roron wake, a ƙare da yankan dawa a Nuwamba da Disamba. Kalandar ta yi daidai da yaron Ingila, wanda a Agusta yake samun rana ya je bakin teku. In uba ya zare ɗansa ya kai gona, sai a rubuta a rahoto cewa iyaye ba su san darajar ilimi ba. Haka ranar kasuwa. Kowa a garin ya san ran nan aji rabi ne, tun daga hedimasta har mai awara a bakin ƙofa, amma jadawali ya sa lissafi a ranar, domin daga sama ya sauko, kuma a sama ba a cin kasuwar ƙauye.

Kwatanta wannan da ci-bayan malamin tsangaya. Bawan Allah, bai taɓa halartar bita ba, sai ya sa karatu da asuba kafin a fita, da yamma bayan an dawo, da dare a gefen wutar kara. Alhamis da Juma'a hutu. Da damina shi da almajiransa suna gona, da rani a tsananta karatu. Ya bar rayuwar mutane tana juya makarantarsa, ko kunya babu. Tsangaya tana da nata ciwon, babba kuwa. Yaron da yake yawo da roba a tasha ba abin alfaharin kowa ba ne. To da gwamnati ta tashi yin magani, sai ta kira gwanayenmu. A Afrilun 2012 Shugaba Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, Sakkwato, aka ci gaba har aka gina 157, a kan kuɗin da aka ce sun kai naira biliyan 15. Gine-gine na gani na faɗa. Abu biyu kawai aka manta, su ma ƙanana: alarammomin da iyaye suka damƙa wa amanar yaran, waɗanda akasarinsu ba su ga makarantun a matsayin nasu ba, da kuma wanda zai ci gaba da ciyar da yaran bayan an watse daga biki. Da yawa daga cikinsu suka zama kufai, wasu aka mai da su makarantun boko na yau da kullum. Almajiri yana nan a tasha. Amma gini an yi shi, an biya, hoto kuma ya fito da kyau.

Gatan da ya fi kowanne, a ganina, shi ne na harshe. Yaro ɗan shekara shida ya baro gida yana iya ba da canjin goro, yana iya tatsuniya, ya san sunan kowace ciyawa da tunkiya take ci. Ranar farko a aji sai a sanar da shi duk wannan ba komai ba ne, a fara masa magana da harshen da bai ji, malamin ma da kame-kame yake jin sa. A 2017 jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba. Malam ya faɗa, yara su maimaita da ƙarfi, a yi shekara shida ana amsa-amo, a fito ba Turanci ba Hausa. Manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara da harshen uwa, amma an yi sa'a ba a buga isassun littattafai ba. Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwaji a Ile-Ife a 1970, aka koyar da yara da Yarabanci tsawon firamare, suka fito sun fi takwarorinsu, a Turancin ma ba su gaza ba. An ga sakamako, an yaba, an rufe fayil. A 2022 gwamnatin tarayya ta ce harshen uwa ne har aji shida. A 2025 wadda ta gaje ta ta soke, ta ce a koma Turanci. Tsakanin sanarwar biyu, yaron da ke zaune a ƙasa a Ɗanja bai ji an canza komai ba, abin da ke nuna irin natsuwar da tsarinmu yake da ita.

Kada kuma a ce ba a damu da sana'a ba. Da tsarin 6-3-3-4 ya shigo a farkon shekarun 1980, an yi odar injinan koyon sana'a daga Gabashin Turai aka rarraba wa makarantu, har da waɗanda ba su taɓa ganin lantarki ba. Akwatunan suka zauna a sito ba a buɗe ba, har gara da tsatsa da ɓarayi suka raba gado. Magadansu a yau su ne kwamfutocin da ɗan majalisa yake kai wa ƙauyen da ko falwaya babu, a lulluɓe su da leda a riƙa nuna wa baƙi. A garin akwai maƙeri, akwai mai gyaran injin ban-ruwa, akwai matar da ta fi kowa sanin cutar kaji, amma ba su da takardar malanta ta NCE, ba za su leƙa aji ba. Noma a allo ake yin sa: malam ya zana fartanya da alli, 'ya'yan manoma su kwafa su rubuta sunayen sassanta da Turanci, wanda ya kuskure ya faɗi.

Zan zama marar adalci in na ce ba a tuntuɓar jama'a. Ana yi. Akwai kwamitin kula da makaranta na SBMC, da maigari da wakiliyar mata da wakilin ɗalibai, sunayensu suna manne a bangon ofishin hedimasta. Ana kiran su ranar buɗe gini, bayan fenti ya bushe. A kafa rumfa, a shimfiɗa tabarmi, a aro bencina daga makarantar garin gaba domin hoto. Maigari ya miƙe ya gyara rawani.

"Ranka ya daɗe, mun gode, Allah ya saka da alheri. Sai dai da an ɗan matso da ita cikin gari, don rafin nan in ya kawo..."

"Baba, ai injiniyoyi sun riga sun duba. Ku dai ku turo yara."

"To Yallaɓai, maganar ruwan sha fa? Da malami, don guda ɗaya gare mu, shi ne hedimasta, shi ne..."

"Duk yana cikin kashi na biyu, Baba. A yi mana addu'a."

Liman ya ɗaga hannu, a shafa, a yanke kintinkiri, a yaye ƙyalle daga allon marmara mai sunan mai girma da na kwamishina da na ciyaman. Allon nan shi ne abu mafi inganci a duk ginin. Shekara ashirin bayan rufi ya tashi za ka same shi daram. Kafin la'asar motar da ta kawo bencina ta dawo ta kwashe kayanta. Kashi na biyu kuma yana tafe, tare da zaɓe.

Abin da ya fi taɓa zuciyata game da mutanen nan shi ne sadaukarwa. Duk wahalar da suka sha wajen tsara makarantun nan, ba ka taɓa ganin sun cusa 'ya'yansu a ciki sun tare wa talaka wuri. Sukan haƙura su kai nasu wasu makarantun, a Abuja ko Kaduna ko Ingila, inda ake fama da bishiyoyi, da aji mai yara ashirin, da ban-ɗakin 'yan mata daban mai ruwa da ƙyaure, inda ko lokacin tashi za a canza sai an aiko wa uba takarda an ji ta bakinsa, in bai gamsu ba ya kira shugabar makaranta a waya ya yi mata faɗa. Ashe sun san yadda ake gina makaranta a kan bukatar yaro da iyayensa sarai. Sun ɗanɗana, sun ga irin shagwaɓar da take jawowa, shi ya sa suka tsare namu daga gare ta. A shekarun baya hukumar UNICEF ta daɗe tana cewa yara miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, UNESCO ta ce a 2022 sun kai miliyan 20, kuma kowa ya san mafi yawansu namu ne. Ana kiran wannan matsala. Ni rangwame na gani: a ce dukansu su zo gobe da safe, a ina za a zuba su?

Na ji ana ta kiraye-kirayen a sauya, wai a riƙa tsara makaranta bisa bukatun ɗalibai da jama'ar garinsu. Ina roƙon gwanayenmu kada hankalinsu ya tashi, akwai hanyar da aka saba bi da irin wannan magana. A kama babban ɗakin taro a otal a Abuja, kwana uku, a buga jaka da riga da hula, a gayyato masana su gabatar da maƙala da Turanci a kan muhimmancin jin ta bakin jama'a. A kafa kwamiti, kwamitin ya kafa ƙaramin kwamiti, shi kuma ya tafi ƙasar Finlan ya gano yadda suke yi. Maigari ba sai ya zo ba, hanya ba kyau, kuma ba a sa kuɗin motarsa a kasafi ba. In ya matsa, a aika masa da kwafin rahoton, hedimasta ya karanta masa idan ya dawo daga bin albashinsa a sakatariya.